Pilolin sitonmu sun tsage, rodi ya yi tsatsa, filasta kawai za ta wadatar?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masana harkar gini a taimaka min. Muna da sito a Sabon Gari wanda marigayi Baba ya gina, kusan shekara 15 kenan muna ajiye buhunan gishiri da taki a ciki. To pila biyu sun tsage daga gindi, jiya ɗan taɓawa kawai na yi kankaren ya ɓantaro a hannuna, rodin ciki ya yi jawur yana marmashewa kamar ƙanzo. Birkila ya ce a shafe da filasta shikenan, amma wallahi hankalina bai kwanta ba don akwai yara masu kwana a saman benen.

Injiniya Samaru:
Wa alaikumus salam Alhaji. Don Allah kar a shafe. Gishirin nan shi ne musabbabi. Shi kankare lafiyayye yana da kaifin alkali, pH ɗinsa, wato ma'aunin kaifin, na kaiwa wajen 13, wannan ke sa wani siririn rufi ya lulluɓe rodi ya hana shi tsatsa. Kuloraid ɗin da ke cikin gishiri, har da takin fotash, idan ya samu danshi sai ya riƙa tsotsuwa ta ƙananan ƙofofin kankaren har ya cimma ƙarfen ya cinye rufin, kuma ita tsatsa tana kumbura ninki biyu zuwa sama da haka na ƙarfen da ta ci, ita ce ke tunkuɗo kankaren daga ciki har ya fashe. Mutanenmu sun ɗauka sai bakin teku irin Legas ake wannan matsalar, alhali buhun gishiri a kan daɓe mai laima da damina ya ishe ta.
A fara tokare benen tukuna. Sannan a sassaƙe kankaren har bayan rodin, a kankare tsatsar tas, a auna kaurin da ya rage, in ya sirance a ƙara wani. Sai injiniya ya zo ya gani da ido fa, hoto ba ya isa.

Malam Audu Birkila:
Gaskiya ne ranka ya daɗe. Ni abin da ke ci min rai leburori su tsuga ruwa a kwaɓi don ya yi saukin zubawa, kuma ba a sa biskit, wato 'yan guntayen kankare da ke raba rodi da katako, rodi ya kwanta jikin katako, ana cire katakon kana hango shi. Ya kamata a bar masa kamar inci ɗaya da rabi na kankare a pila. Ga rashin ban ruwa, a zuba kankaren rufin bene cikin hunturu a ba shi ruwa kwana biyu a tafi, bayan ko kwana 7 ma shi ne mafi ƙaranci.

Hajiya Maman Nana:
Malam Audu ruwan rijiya fa? Tamu a Tudun Wada akwai ɗan zartsi, kuma da shi muke shirin zuba lintal.

Injiniya Samaru:
Hajiya in har kina jin zartsin a baki kar a kwaɓa da shi, kin sa gishirin cikin ginin tun ranar farko kenan. A sayo na tanka mai daɗin sha.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yau za mu kwashe buhunan, yaran kuma su koma gidan yayata har a tokare.