Mutum huɗu, gawa ɗaya: a raba shari'arsu ko a haɗa?

Nura (ɗalibin shari'a, Bur Sudan): Salamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya Ustaz Haruna ya ce neman a raba shari'ar waɗanda ake tuhuma tare da kisan kai ɓata lokaci ne a kotunan Sudan, har ma lauyan da ya nema cutar wanda yake karewa yake yi. Ustaza Safiya ta ce ba ta yarda ba, sai dare ya raba. Ga misali don a sami abin riƙewa: faɗa ya ɓarke a gonar riɗi lokacin yanka, mutum ɗaya ya mutu da sukar wuƙa. Niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara, ta haɗa mutum huɗu a balagi ɗaya, wato ƙara ɗaya, ƙarƙashin sashe na 21 (haɗa hannu bisa yarjejeniya) da na 130 (kisan ganganci) na dokar laifuffuka ta 1991: mai wuƙar, wanda aka ce ya riƙe mamacin, mai raksha (babur mai ƙafa uku) da ya kai su, da yaro ɗan shekara 16. Wa ya kamata ya nemi a ware shi?

Ustaz Haruna (lauya, Gadarif): Wa alaikumus salam. Ina nan kan bakana, amma a cire yaron, nasa daban ne. Hujjar raba shari'a ta yi ƙarfi ne a Ingila da Amurka saboda can mutanen gari ake zaunarwa, 'yan juri, su ne ke cewa an yi laifi ko ba a yi ba. Idan suka ji iƙirarin wani yana jefa abokinsa, ko alƙali ya ce su manta ba za su manta ba. Abin da Kotun Ƙolin Amurka ta duba ke nan a shari'ar Bruton a 1968. Mu ba mu da juri. Alƙali ne ke ji, shi ke rubutawa da hannunsa, kuma dole ya faɗi dalilin hukuncinsa a kan kowane mutum. Ya san iƙirari hujja ce a kan mai shi kaɗai.

Sannan ku duba abin da mai raksha zai biya. Laifin da hukuncinsa kisa ne ba a ba da beli a kansa. Ka ware shi, ka jefa shi bayan layi: fayil ɗaya ne, yaumiya (kundin binciken 'yan sanda) ɗaya, wuƙa ɗaya. Sai an gama da na farko kafin a waiwaye shi, shi kuwa yana tsare.

Ustaza Safiya (lauya, Kassala): Ustaz, alƙali ma ɗan Adam ne, amma ba nan matsalar take ba. Matsalar ita ce wa kake da ikon yi wa tambaya. A shari'ar haɗaka, mai wuƙa zai tashi lokacin da kotu ke jin ta bakin waɗanda ake tuhuma ya ce mai raksha ne ya kawo wuƙar kuma da shi aka shirya. Bai yi rantsuwa ba, ba shaida ba ne, lauyan mai raksha ba shi da damar tsare shi da tambayoyi kamar yadda zai tsare shaida. Maganar ta shiga mahalar kotu, wato rubutaccen bayanin zaman kotu, ta zauna. A takarda ba hujja ba ce, amma da ita alƙali zai karanta sauran shaidu.

Juya ta kuma. Idan mai wuƙa shi kaɗai ne ya san mai raksha haya kawai aka ɗauke shi, bai san me za a yi ba, ta yaya za ka kira shi shaidar kariya alhali yana cikin keji ɗaya da naka? Wannan shi ne bambancin sashe na 21 da na 22. A na 21, an yi aikin ne bisa yarjejeniya, kowa ya ɗauki laifin kamar shi kaɗai ya aikata. A na 22, ba yarjejeniya, kowa da abin da hannunsa ya yi. Tsakanin sassan nan biyu akwai igiyar rataya.

Ustaz Haruna: To ai ko an raba, mai wuƙa ba zai buɗe baki don ceton wani ba alhali shari'arsa na gaban kotun ɗaukaka ƙara. Lauyansa zai hana shi, kuma da gaskiyarsa. Hukuncin kisa kuwa dole ya je Kotun Ƙoli don tabbatarwa. Naki zai jira duk wannan?

Kawu Sale (tsohon mai binciken 'yan sanda, Damazin): Ku lauyoyi kuna magana kamar shaidu a aljihu suke. Bari in faɗi yadda fayil irin wannan yake. Akwai Urnik 8, fom ɗin 'yan sanda da likita ya cika, akwai rahoton mashraha, wato ɗakin binciken gawa, akwai zanen wurin da abin ya faru, akwai takardar jerin gane mutum, akwai kayan shaida: wuƙa, rigar mamaci, wani lokaci sanda. Duk wannan mai bincike ɗaya ne zai gabatar, shi ne ake fara saurare. Ka raba shari'a, sai ya zo sau biyu, likita sau biyu, shaidun gani da ido sau biyu. Shaidun gonar riɗi kuwa 'yan ƙodago ne. Da an gama yanka a watan 10 ko 11 sun watse, wani ya nufi Sinnar, wani ya tsallaka Habasha. Sammaci ba ya samun wanda ba shi da adireshi.

Wanda ya dawo kuma ba zai maimaita magana daidai ba. A zaman farko ya ce da hannu biyu aka riƙe mamacin, bayan wata takwas ya ce rigarsa aka ja. Ba ƙarya ya yi ba, mantuwa ce. Sai ka ga hukunci biyu a kan gawa ɗaya suna karo: wannan alƙali ya ce an yi yarjejeniya, wancan ya ce ba a yi ba. Balle kuma yaƙin da ya fara a watan 4 na 2023 ya tarwatsa kotunan Kartum, gidajen yari suka buɗe, fayiloli suka salwanta.

Ustaza Safiya: Kawu, duk abin da ka lissafa wahalar masu gabatar da ƙara ce. Ba aikin wanda ake tuhuma ba ne ya sauƙaƙa musu.

Kawu Sale: 'Yata, ba kullum ba. Shaidar da ta ce mai raksha bai sauko daga kan abinsa ba, ita ma watsewa take yi.

Malam Idi (malamin fiƙihu, Mai Wurno): Ku ba ni dama in sa baki, don asalin sashe na 21 a wannan babi tsoho ne. Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya kashe mutum biyar ko bakwai saboda mutum ɗaya, ya ce da mutanen San'a'a duka sun haɗa baki a kansa da ya kashe su gaba ɗaya. Dokar 1991 ta ɗauki wannan: ana kashe jama'a saboda mutum ɗaya. Amma sharaɗin shi ne haɗa baki. Shi ya sa wanda ya riƙe ya fi ba ni tsoro a misalin Nura, ba mai raksha ba. A mazhabar Malik, wanda ya riƙe mutum yana sane kashe shi za a yi, shi ma kisa ne. Hanafawa da Shafi'awa suka ce horo ne ba ƙisasi ba, Hambalawa suka ce a tsare shi har ya mutu. To riƙon na rabon faɗa ne ko na danne wa mai wuƙa? Wannan ba ya fitowa sai alƙali ya ga faɗan gaba ɗaya: wa ya fara, wa ya tsaya ina, suka nawa, daga gaba ko daga baya. Ni a nan ina tare da Ustaz Haruna. Ka raba, ka ba kowane alƙali rabin labari.

Ustaz Haruna: Madalla, Malam. Kuma ba gaskiya ba ne a ce shari'ar haɗaka tana yi wa kowa kuɗin goro. Kisan jami'in Amurka John Granville da direbansa a Kartum ranar 1 ga Janairu 2008: mutum biyar aka gurfanar tare, huɗu aka yanke wa kisa, na biyar ɗaurin shekara biyu kan batun makami. Shari'ar malamin makaranta Ahmad al-Khair na Khashm al-Girba, wanda ya mutu a tsare a hannun jami'an tsaro: a ƙarshen Disamba 2019 kotu a Umdurman ta yanke wa jami'an tsaro 29 hukuncin kisa, wasu ɗauri, wasu ta sallame su. Da an raba wannan gida-gida, kowa sai ya ɗora wa wanda ba ya cikin ɗakin.

Ustaza Safiya: Tunda misalai muke, a kawo na Muhammad Taha, editan jaridar al-Wifaq da aka kashe a 2006. Mutum 10 aka yanke wa kisa a 2007, aka rataye 9 a gidan yarin Kobar a 2009, kuma sun faɗa wa kotu da azaba aka karɓi iƙirarinsu. Ba ina cewa raba shari'a zai warware wannan ba. Ina nuna haɗarin ne: idan iƙirari biyar suna ambaton juna, sai kowane ya zama madogarar ɗaya, har a manta ana buƙatar hujja daga waje. Maganar abokin laifi tana buƙatar abin da zai ƙarfafa ta: jini a riga, bayanan kiran waya, shaida mai zaman kansa. Iƙirari na biyu da aka janye ba ya ƙarfafa na farko da aka janye.

Nura: Yaya Safiya, to a aikace yaya ake nema? Kuma ba za a iya mai da mai raksha shaidar gwamnati ba a huta?

Ustaza Safiya: Na biyun tukuna: a'a. Alkawarin dakatar da hukunci da niyaba ke yi wa abokin laifi don ya ba da shaida, wanda mutane ke kira shahid malik, na laifukan ta'aziri ne. Ƙisasi haƙƙin waliyyan jini ne, niyaba ba ta da ikon yin ciniki da shi.

Neman rabawa kuwa, dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 1991 ta ba kotu ikon tsayar da shari'ar haɗaka ta ware wani a kowane mataki, amma ta faɗi dalili. Ka rubuta ne, kada ka tsaya a baki. Lokacin da ya fi shi ne zaman farko, kafin a fara sauraren mai bincike, don da zarar an ji shaidu uku ko huɗu alƙali ba zai so a koma baya ba. Abin da ke kashe takardar shi ne magana a dunƙule, wai "za a cutar da wanda nake karewa". Ka nuna shafin yaumiya inda aka ambaci naka, ka faɗi shaidar da kake so ka kira da abin da za ta tabbatar, ka faɗi dalilin da ba za a same ta a haɗe ba. Niyaba da lauyan masu jini za su amsa. In an ƙi, ka tabbata an rubuta buƙatarka da dalilin ƙin a mahalar, saboda kwana 15 kawai gare ka na ɗaukaka ƙara bayan hukunci, kuma abin da ba ya rubuce kamar ba a faɗa ba ne.

Ustaz Haruna: Ni kuma ga abin da zan yi maimakon haka. Lauya daban ga kowa tun ranar farko. Kuskuren da danginmu suka fi yi ke nan: a yi karo-karo a ɗauko lauya ɗaya ya tsaya wa huɗu don sauƙin kuɗi, sai ya kasa cewa "wancan ne ya soka" tunda wancan ma nasa ne. Wanda ba shi da hali a laifin kisa, doka ta ce a naɗa masa lauya. Bayan masu ƙara sun rufe, in babu abin da ya haɗa mai raksha da yarjejeniya, ka nemi a kori ƙarar a kansa ƙarƙashin sashe na 141 na dokar tafiyar da shari'a. In ba a kora ba, ka yi faɗa a wajen rubuta tuhuma a sauke shi daga 21 zuwa 22, ko zuwa taimakawa a sashe na 26. Duk wannan a cikin fayil ɗaya, ba tare da ƙarin shekara a tsare ba.

Inda ba gardama: yaron. Dokar yara ta 2010 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, ana ware shari'arsa zuwa kotun yara. A kawo takardar haihuwa ko lambar shaidar ɗan ƙasa da wuri, in babu a nemi likitoci su ƙiyasta shekarunsa, kuma shekarun ranar da abin ya faru ake dubawa. Sai wanda ya gudu, ana ware shi a ci gaba da na hannu. Sai wanda taɓin hankali ya hana shi kare kansa.

Baba Adamu (dattijon sulhu, Gadarif): 'Ya'yana, kun bar masu jini a waje, alhali su alƙali zai juya ya tambaya a ƙarshe: ƙisasi, diyya ko afuwa? Malam, suna iya yafe wa ɗaya su riƙe ɗaya?

Malam Idi: Suna iya, Baba. Kuma in ɗaya daga cikin magada ya yafe wa wani, ƙisasi ya faɗi a kan wannan mutumin, sai diyya da ɗaurin da bai wuce shekara 10 ba. Diyyar kuma ɗaya ce ga rai ɗaya, ba ta ninkuwa da yawan masu laifi. In da yarjejeniya suka yi, a raba musu daidai, in babu, kowa gwargwadon ɓarnarsa.

Baba Adamu: To nan raba shari'a ke ɓata mana zama. In an yanke wa huɗun rana ɗaya, ajawid, wato dattawan sulhu, za su je gidan mamaci sau ɗaya, a ce ga mai wuƙa, ga sauran, a sassauta wa sauran. In an raba, dangin mamaci cewa suke ba za su yi magana ba sai sun ga ƙarshen duka. Wanda aka fara yanke wa kuwa shi ke shan zafin zuciyarsu, ko da shi ne mai ƙaramin hannu.

Ustaza Safiya: Baba, wannan gaskiya ne ga wanda ya yi laifi yana neman sassauci. Wanda bai yi ba fa? Shi ba afuwa yake nema ba, kuma rabon diyya daidai yana nufin danginsa su biya kashi ɗaya na jinin da bai zubar ba. Ga mai raksha, in har mai wuƙa ya faɗa a yaumiya tun ranar kamu cewa haya kawai ya ɗauke shi, zan nemi a raba.

Ustaz Haruna: In ya faɗa a yaumiya, ai mai bincike zai karanta a gaban kotu, ki tsare shi a kai ba sai an raba ba.

Kawu Sale: In an rubuta. Nura, kafin ka zaɓi ɓangare, ka fara duba awa nawa tsakanin kamu da ɗaukar bayanin kowane ɗayansu, kuma ko a ɗaki ɗaya aka kwana da su kafin a kai su gaban alƙali su yi iƙirari.