Neman shawara: scleroderma ta taɓa huhun yayata

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayata na fama da scleroderma, ciwon nan mai sa fata ta yi tauri. Yanzu ko bene ta hau sai haki, ga busasshen tari. An yi mata hoton CT, likita ya ce tabo ya fara a huhu, ya ɗora ta kan mycophenolate. Ta ce ba ta ga sauƙi ba, za ta daina sha. Wata kuma ta ce mu sayo mata prednisolone, wai yana buɗe ƙirji. Me kuke gani?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Don Allah ku rabu da batun prednisolone. Ga mai scleroderma, shan sa da yawa kan tayar da rikicin ƙoda: jini ya hau farat ɗaya, ƙodar ta tsaya. Sai in likitanta ne ya rubuta, yana bin awon jininta.

Mycophenolate kuwa, kada ta bari. Tabon da ya riga ya zauna ba kasafai yake gogewa ba. Aikin maganin shi ne tsare abin da ya saura, kuma sai an yi watanni ake gane tasirinsa. Gwajin hura iska da ake maimaitawa ne zai nuna ko yana aiki, ba yadda take ji kaɗai ba. In huhun ya ci gaba da raguwa, akwai nintedanib da Amurka ta amince da shi a 2019 (yana sa gudawa, a sani), da tocilizumab a 2021.

Wani mamba: Anti ta gama magana. Amma an duba zuciyarta? Ciwon nan kan haddasa hawan jini a jijiyoyin huhu, shi ma haki yake kawowa, maganinsa daban ne, irin su bosentan da tadalafil. Ku nemi a yi mata eko, wato hoton zuciya.

Mai irin ciwon: Allah ya ba Yaya lafiya. Kada ta raina ƙwannafi, ruwan ciki na iya tsallakawa huhu cikin barci. Ta ɗaga kan gadonta, ta bar kwanciya da ta gama cin abinci. In kuma tana son haihuwa ta faɗa wa likita tun yanzu, mycophenolate na cutar da ɗan tayi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Ba a yi mata eko ba, zan tambayi likitan in mun koma.