Inuwar giginya, na nesa ka sha: yabo ne ko zambo?

Ɗiyar Gadarif:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Yau kwana tara da rasuwar Babanmu a nan Gadarif, ƙasar Sudan. Ranar uku, kafin a naɗe firash, wato shimfiɗar zaman makoki, wani saurayi daga cikin mutanen garin Madani da yaƙi ya koro ya miƙe a rumfar maza yana kuka, ya ce: "Baba inuwar giginya ne, mu na nesa mu muka sha." Maza suka amsa da Allah ya jiƙansa. Da maganar ta shigo cikin gida sai Innarmu ta sunkuyar da kai, Goggo kuwa ta ce an zagi ɗan'uwanta a gaban 'ya'yansa. Ni a nan aka haife ni, karatuna duk da Larabci ne, Hausata ta tsakar gida ce. Don Allah ku warware mini, abin ya hana ni barci.

Kawu na Maiwurno:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. Goggonki ba ta yi kuskure ba. Giginya ita ce dileb da kike gani in kin gangara kudu wajen Damazin. Dubi yadda Allah ya yi ta: doguwa samɓal, babu reshe ko ɗaya, ganyen duk yana can ƙololuwa. Da safe da yamma inuwarta can nesa take faɗawa. Wanda ya jingina da gindinta rana ce rabonsa, wataƙila ma ɗanta ya faɗo masa a ka. Shi ya sa ake faɗa wa mutumin da bare ke cin arzikinsa, na gida suna hamma. Mai biya wa ɗan maƙwabci kuɗin makaranta alhali nasa ɗan an koro shi. Zambo ne.

Malamin Kasala:
Haka take, kuma tana tafiya da 'yar'uwarta: gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa. Amma kafin mu yanke wa yaron hukunci, ya kamata mu ji abin da ya nufa.

Autan Madani:
Ni ne na faɗa. Yaya, ki yafe mini, ki roƙar mini Inna da Goggo. Wallahi tun da na karanta bayanin Kawu jikina ke rawa.

Mun fito Madani a Disambar 2023 a bayan babbar mota, ni da mahaifiyata da ƙannena uku, aka sauke mu a wata makaranta a Gadarif. Washegari da asuba wani dattijo ya shigo da karo, jaki na jan gangar ruwa, ya cika mana jarkoki, ya ƙi karɓar ko sisi. Da ya ji muna Hausa sai ya tsaya ya tambayi asalinmu. Daga ranar kullum sai ya zo. Shi ke hura wutar takiyya, wurin dafa abincin sadaka, a unguwa, shi ke tuƙa tukunyar adas, wani ɗan ƙaramin wake, shi ke lura da tsofaffin da ba sa iya bin layi ya kai musu har inda suke. Da kwalara ta ɗauke mahaifiyata a daminar 2024, mutane na tsoron matsowa, shi ya kawo likkafani, shi ya shiga kabari da digarsa. Ba danginsa ba ne mu. A bakin kakata na taɓa jin maganar giginya, na ɗauka ana nufin mutumin da alherinsa ke kaiwa nesa.

Inna ta Jidda:
Ɗana, share hawayenka. Wanda ya ji ka a rumfar nan ya san daga zuciya ka yi magana. Kuma ni ban yarda a ce giginya abin zagi ce kawai ba. Da azararta ake rufe ɗaki ya shekara da shekaru gara ba ta ci ba, ganyenta tabarma, muruci kuma ya sha rufa wa talaka asiri a lokacin yunwa. Yaranmu na Jidda da Makka na sha jin sun juya karin magana ta wata fuskar, tunda ba su taɓa ganin icen ba. In zuriya guda ta fahimci magana a matsayin yabo, ashe ba ta soma zama yabo ba?

Sai dai ɗiyata, shirun Innarki nake dubawa. Mu matan masu hidimar jama'a mun san abin da maza ba sa gani daga rumfa. Ki zauna da ita in ta samu natsuwa.

Kawu na Maiwurno:
Hajiya, a nan zan saɓa miki. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, suka biyo ɗansa Mai Wurno har bakin kogin Nil, nan Maiwurno. Ba su iso da dukiya ba, da harshe suka iso. In muka bar zambo ya koma yabo saboda yaranmu ba su san ice ba, gobe ɗanmu zai je ta'aziyya Sakkwato ya faɗi haka, a dube shi. Gyara ya fi. Yaron bai yi laifi ba, mu da ba mu koya masa ba mu ke da laifi. Abin da yake nema shi ne rumfa sha shirgi, ko ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Malamin Kasala:
Ta danƙo tana magana ne kan sakayya, ba ta siffanta mutumin. Rumfa sha shirgi ta fi dacewa, don rumfa kowa ya jibga mata kaya ta ɗauka, kuma wanda ke ƙarƙashinta shi ke fara shan inuwa.

Ɗiyar Gadarif:
Na gode muku duka. Na bi shawarar Hajiya, jiya bayan isha na karanta wa Inna abin da kuka rubuta. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba.

Ta ce ba zafin yaron ta ji ba. Ita da kanta ta taɓa faɗa wa Baba wannan maganar, sau ɗaya a shekara 34 na aurensu. A makon da mutanen Madani suka cika gari, ya ɗebi rabin buhun dawar da ya rage mana ya kai takiyya bai shawarce ta ba, ga jikoki biyar a gidan. Da ya dawo ta ce masa: "Malam, ka zama inuwar giginya." Ta ce bai amsa ba, bai kuma ci tuwon dare ba. Da asuba ya bi motar masu yankan dawa zuwa manyan gonakin bayan gari, da furfurarsa, ya yi kwana shida yana aikin lada, ya dawo da buhu cikakke ya ajiye a ƙofar ɗakinta. Tun daga ranar ko mudu ɗaya bai sake fitarwa ba sai ya tsaya ya ce, "Kin yarda?" Wani lokaci ta ce a'a, ya mayar.

Ni abin da na sani da idona: tun da ciwon suga ya rage mata gani, bai taɓa fita da karo ba sai ya dafa mata shayi ya miƙa mata a hannu. In wuta ta ɗauke, yakan naɗe allurarta a jiƙaƙƙen tsumma ya sa a gindin tulu don kada zafi ya lalata ta. Ni kuma shi ya tsaya na gama makaranta lokacin da dangi ke cewa a yi mini aure.

Inna ta ce in gaya wa Kawu gaskiyarsa ce, zambo ne, ita ta san zafinsa tunda ta ga abin da ya yi wa mijinta. Ta ce in gaya wa Autan Madani babu komai tsakaninsu, ya zo ranar Juma'a ya ci abinci a gida. Diga da shebur ɗin Baba na nan jingine a zaure, da littafin kashif da yake rubuta gudummawar makoki, yayyena kuma duk suna Bur Sudan. Tana tambaya ko zai iya riƙe su.

Autan Madani:
Yaya, ki ce wa Inna ina gaishe ta. In sha Allahu ana sallame Juma'a zan taho, da ƙanina, shi ya fi ni iya rubutu.