Maigidana yana so in sauya lissafi: yaya zan sa Allah gaba?

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ni mai rike da lissafin kudi ne a wurin aiki, kuma maigidana ya fara matsa mini in rika kara adadi a takardun sayayya. Na ki, sai ya ce akwai masu jiran kujerata.

Na san Ayyukan Manzanni 5:29 ta nuna biyayya ga Allah ce gaba da ta mutum. Amma da albashin nan nake ciyar da yara da mahaifiyata. Na yi addu'a da azumi, har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba.

In ajiye aikin, ko in zauna ina ki har ya kore ni? Kuma ya wajaba in tona abin, ko kin sa hannu kadai ya isa? Don Allah ku ba ni shawara.