Gerichtsbezirk: gundumar kotu ko gundumar shari'a?

Jama'a masu fassara tarihin Turai, akwai kalmar Jamusanci da ya kamata mu tsayar mata da Hausa guda ɗaya: Gerichtsbezirk. Duk mai karanta tarihin daular Ostiriya-Hungari, wadda ta wargaje a 1918, sai ya ci karo da ita. Gericht kotu ke nan, Bezirk kuma yanki mai iyaka. A tattaunawarmu wani Malam ya kawo "gundumar shari'a", wata Hajiya ta kawo "hurumin kotu", ga kuma "lardi".

Amma ba a raɗa suna sai an ga jariri, don haka ga abin da kalmar ke nufi. Kafin 1848, a yawancin ƙasashen gidan sarautar Habsburg mai mulkin Ostiriya, mai ƙasa shi ke da kotun da ke yi wa manoman da ke zaune a ƙasarsa hukunci. Boren 1848 ya kawo ƙarshen wannan. Gwamnati ta yanyanka ƙasa, kowane yanki ta ba shi ƙaramar kotu ɗaya, kotunan suka kama aiki a 1850. Yankin da kowace kotu ke kula da shi, shi ne abin da muke nema wa suna.

Mu ɗauki Ampezzo, can cikin duwatsun Dolomite, a arewacin Italiya ta yau. Ta shiga hannun Habsburg a 1511, zamanin Sarki Maximilian na ɗaya, aka haɗa ta da Tirol, ɗaya daga cikin ƙasashen Ostiriya. Mutanenta harshen Ladin suke ji a gida, ba Jamusanci ba. Tana da kotunta, maƙwabciyarta Buchenstein ma tana da tata. A 1868 aka haɗa yankunan kotun biyu ƙarƙashin hukumar mulki ɗaya mai suna Ampezzo. Sojojin Italiya sun shiga Cortina, babban garin Ampezzo, a watan Mayun 1915, yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ta bar wa Italiya yankin, a 1923 kuma aka saka shi cikin lardin Belluno. I, Cortinar nan ce da ta karɓi gasar Olamfik ta lokacin sanyi a 1956.

Malam da ya kawo "gundumar shari'a", Allah ya ƙara sani, amma ina da ja. Bahaushe in ya ji "shari'a" a jikin sunan wuri, hankalinsa kan shari'ar Musulunci yake tafiya, ya ɗauka ana maganar inda ake aiki da ita. Kotun Ampezzo kuwa da dokokin Viyana, babban birnin Ostiriya, take hukunci, a ƙasar Katolika. Kalmar ba ƙarya ta yi ba, sai dai tana ɗauko wa mai karatu abin da babu shi a wurin.

Hajiya kuma ta ce "hurumin kotu". Wannan ta fi ba ni wahalar turewa, don asalin hurumi ma fili ne da aka keɓe. To amma yau a bakin 'yan jarida da lauyoyi hurumi iko ne: "kotu ba ta da hurumin sauraron ƙarar". Abin da muke magana a kai kuwa wuri ne mai taswira da yawan mutane. Ƙidayar jama'a ta 1880 har zuwa ta 1910 tana kawo alƙaluma yanki-yanki bisa waɗannan iyakoki, har da harshen da mutane ke mu'amala da shi yau da kullum. Da waɗannan yankunan kotu aka harhaɗa mazaɓun majalisar Viyana na karkara a 1907. A kotun kuma ake ajiye babban littafin rajistar filaye, wanda har yanzu tsarinsa ake bi a Cortina, saɓanin yawancin Italiya. Za ka iya cewa mutum kaza ne ke zaune a gunduma, ba za ka ce suna zaune a hurumin kotu ba.

"Lardi" ya yi girma, a bar shi can.

Ni dai "gundumar kotu" na tsaya a kai, jam'inta "gundumomin kotu". Ƙanena ya yi tambaya mai kyau, cewa ai gunduma ta hakimi ce, ina ruwanta da alƙali? Amsar tana cikin tarihin kansa. Daga 1854 aka cusa mulki da shari'a a ofishi ɗaya, wato kamar a ce hakimi da alƙali ɗaki guda. Tsarin mulkin Disamban 1867 ya ce a raba su, aka raba a 1868. Daga nan gunduma ta zama iri biyu: babba ta mulki, da ƙanana na kotu a cikinta. Saboda haka muna buƙatar sunaye biyu masu tafiya tare, "gundumar mulki" da "gundumar kotu". Sai a rubuta: gundumar mulkin Ampezzo ta ƙunshi gundumomin kotu biyu, Ampezzo da Buchenstein. Ba sai an ƙara bayani ba.

A kula, wannan tsarin ɓangaren Ostiriya ne, irin su Tirol da Bohemiya da Galisiya da Bukobina. Ɓangaren Hungari yana da nasa dokokin da nasa sunayen bayan 1867, kada a ɗora masa wannan kalma kai tsaye.