Wace wuƙa ce wannan, kuma za ta yi abin da na gani a fim?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kayan aiki a wani gajeren fim da za mu ɗauka ranar Asabar a Tudun Wada, kuma kaina ya ɗaure. Daraktan yayan abokina ne, shi ya jawo ni aikin, kuɗin ma daga aljihunsa suke fita, ga shi ba ya son gardama, in ya faɗi magana ta zauna. Ya nuna min wata fitowa a fim ɗin Amurka ya ce irin wuƙar yake so. Mai ninkewa ce, ƙotar katako, da ƙarfe ruwan ɗorawa sama da ƙasa. Jarumin ya girgiza hannu ta buɗe, ya ɓalle kwaɗo da ita, ya jefa ta ta kafe a ƙofa. Na sayo wata a kasuwar Sabon Gari amma ta ƙi buɗewa haka. Wace iri ce, kuma ya zan yi?

Malam na Ƙofar Doka: Wa alaikumus salam. Katako tsakanin tagulla biyu, Buck 110 ce ba tantama, ta fito a 1964. Tsawon ruwanta inci 3.75. Da hannu biyu ake buɗe ta, akwai ɗan tsagi a jikin ruwan inda ake sa farce. Makullinta a bayan ƙota yake kusa da gindi, sai ka danna sannan ta rufe. Sifirin ɗin makullin shi ke riƙe ruwan a rufe, don haka girgiza hannu ba zai buɗe ta ba. Ko dai sun sassauta ƙusar tsakiya, ko sun yanke hoto sun haɗa. Ƙarar “ƙas” ɗin ma yawanci daga baya ake ɗora ta.

Na Samaru: Malam a yi a hankali, bai turo hoto ba fa. Ɗan'uwa, taka akwai zobe a bayanta? In akwai, kuma tana ƙara-ƙara yayin buɗewa, Okapi ce. Daga Jamus ta faro a 1902, aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu a 1988. Zoben ake ja ta saki. In zoben a wuyan ƙota yake ana murɗa shi, Opinel ce ta Faransa.

Mai tambaya: Tawa mai zobe ce a baya. Amma daga nesa wa zai gane? Na riga na biya, mai shago ba zai karɓa ba.

Malam na Ƙofar Doka: Duk wanda ya san wuƙa zai gane. Ka bar maganar kwaɗo, ƙanena. Tsinin irin waɗannan siriri ne, ƙarfen an yi masa tauri don yanka, kana banƙarawa zai karye ya yi tsalle, ido yake nema. Jifa kuma, nauyinta a ƙota yake, da wuya ta kafe, kuma kowane bugu yana kwance ƙusar har ruwan ya fara rawa.

Baba maƙeri: Abin haushi ma kasuwa ta cika da jabu. Suna a jiki, makulli na banza. Ka buɗe ta, yatsu nesa da hanyar ruwan, ka ɗan buga bayanta a katako. In ta rufe, yar da ita. Yaran yanzu kwalliya suke saya. Ka sa magagari ka kashe kaifi da tsini, ka yi komai da ita.

Malam na Ƙofar Doka: A'a Baba, dakusasshen ƙarfe ma yana huda ciki. Uku ake tanada: ta gaske don hoton kusa kawai, dakusasshiya don riƙewa, ta roba ko katako mai fentin azurfa don faɗa da jifa. A ɗauki hannu yana jifa, a yanke, a nuna ta riga ta kafe. Kwaɗon kuma a yanke wuyansa tun farko.

Mai tambaya: Na gode, amma darakta ya ce ta roba tana lanƙwasa a kyamara, kuma kuɗin uku babu. Jarumin namu yana da hankali. In na sassauta ƙusar da kaina fa?

Na Samaru: Ta Okapi dasasshiya ce, ba ta sukudireba ba ce. Turo hoton dai tukuna.