Wa ya taɓa dangwala yatsa a takardar da bai san mi ta ƙunsa ba?

Ɗan Ader: Salamu alaikum jama'a. Satin da ya wuce na raka maƙwabcina wata komisariya, wato ofishin ƴan sanda, nan Tahoua, Buzu ne mutumin Abalak, Hausarshi ta kasuwa ce, iyakarta nawa ne, rage mini, Allah shi bada sa'a. Rigimar moto ce. Ana tambayarshi da Hausa ana rubutawa da Faransanci, shi kuma can cikin kanshi Tamashek yake tunani, kun ga harshe uku kenan kan magana guda. Aka ce kai ka ɗauki moton? Ya ce eh na ɗauka, nufinshi aro, don sun saba da mai moton tun ba yau ba. Da na roƙa aka karanta mini takardar sai na ji babu kalmar aro ko ɗaya ciki, ga shi har ya dangwala yatsa. Wa irin wanga abu ya taɓa samu?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Mu da muke Hausawan ma ba mu tsira ba ɗan'uwa. Ranar shari'ar maigidana kan gona, ya yi bayani ya fi minti biyar, tun daga kakanshi da ya sare dajin har itacen gawon da ke kan iyaka, tafinta ya juya ya faɗa ma alƙali magana biyu tak ya yi shiru. Ni ban yi lakwal ba amma na san minti biyar ba ya shiga cikin magana biyu, ina gawon ya tafi? Har yau abin na ci mini rai wallahi.

Bafulatanin Yamai: Baffana aka taɓa kamawa kan ɓarnar gona, shanun ma ba nashi ba ne. Tsoho ne, kuma kun san mu da kunya, ba ya ɗaga kai ya kalli hukuma ido cikin ido, ba ya gardama gaban mutane, in an tambaye shi sai ya sunkuyar da kai ya ce to. Su kuma suka ɗauka amsa laifi ne yake. Sai da wani jandarma mai jin Fulfulde ya shigo aiki da dare, ya zauna ƙasa kusa da shi, ya gaishe shi yadda ake gaida dattijo, ya tambayi gida ya tambayi dabbobi, sannan baffa ya buɗe baki. Da safe aka sake shi. Allah shi saka ma bawan Allah nan, amma in da ranar hutunshi ce fa?

Direban Konni: Ni dai gani nake kowa ya daure ya koyi Hausa a huta, ai an riga an maida ita harshen ƙasa.

Ɗalibar shari'a: Kawu direba, gaskiya ne kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki. Amma dokar harsunan ƙasa ta 2001 harsuna 10 ta lissafa, har da Tubanci da Gurmanci da Buduma da Tasawak ta mutanen Ingal, masu su ba su ɓace ba don an sake takarda. Kuma tun 1986 Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƴancin jama'a da siyasa, sashe na 14 ya ce wanda ake tuhuma in ba ya jin harshen kotu a ba shi tafinta kyauta. Tsarewar bincike a laifi na yau da kullum awa 48 ce, ƙarawa sai da izinin mai gabatar da ƙara, kuma ƙa'idar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba mutum damar kiran lauya tun lokacin da aka kama shi. Matsalar, galibin lauyoyi suna Yamai, ku na Tahoua kuna nesa da sama da kilomita 500. Akwai ANAJJ, hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, da aka kafa a 2011 don taimakon marasa hali, ku tambaya a kotu. Kuma don Allah kar a sa hannu sai an karanta an fassara, mutum na da damar cewa wannan ba maganata ba ce.

Direban Konni: To ƴata na ji. Ni ma da aka tsare ni Gaya ana ta Zabarmanci a kaina zufa na yi, ban musa ba.

Maman Biyu: Kurame fa? Ɗan yayata kurma ne, uwarshi kaɗai ke gane alamunshi, in wani abu ya same shi ba ta kusa shikenan.

Ɗan Ader: Na gode ƙwarai. Mai moton ya yarda zai zo ya faɗi da bakinshi cewa aro ne, ranar Talata za mu koma. Abin da ya rage mini mai jin Tamashek da Faransanci duka biyu, ba na gefen kowa ba, wanda zai iya bada safiya guda. In akwai shi nan Tahoua ya taɓa ni ta saƙo, kuɗin kabu-kabu a kaina.